Asabar ɗin da Baba Ya Ƙi Ɗaga wa Mutane Ƙafa

Ku biyun nan, babu wanda bai taɓa yi mini tsiya a kan kiɗan da nake sakawa a mota ba. Tun ana ɗaure ku da bel a kujerar baya, da na kunna shi sai Hadiza ta toshe kunne, Faruku kuma ya tambaye ni da Turancinsa wai Mama, wannan abin ba shi da ƙarshe ne? Mu tashi daga Takoma Park mu je Lanham sayen nama da garin tuwo, mu dawo, yana nan yana yi. To, yana da ƙarshe, ku ne dai ba ku taɓa haƙurin kaiwa can ba. Sannan na ji kuna faɗa a tsakaninku wai rabon gida ne ya shiga tsakanina da Kawunku Lawal a shekarun nan. Ba gida ba ne, kiɗan nan ne. Yanzu da na ajiye aikin asibiti na sami sarari, bari in gaya muku yadda aka yi, kada ku je ku gaya wa 'ya'yanku labarin a karkace.

Kakanku makaɗin gurmi ne a Kazaure. Ku kun san shi Alhaji mai farar hula da carbi, ni kuwa da gurmi a kunnena na tashi. Ɓarin duma ne ake rufe shi da fata, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya biyu, shi ke nan, amma da shi Baba ya ciyar da mu, daga gidan biki zuwa dandalin kokawa. Da Yaya Lawal ya yi ƙarfi a kasuwa ya kai shi Makka, sai ya roƙe shi ya ajiye kiɗa. Ya ce ya gaji da a nuna shi a ce ga ɗan makaɗi. Ban ga laifin Yaya ba, shi ya sha gorin tun yana makaranta, kuma shi yake riƙe da gidan. Baba bai yi musu ba, ya rataye gurmin a ɗakin Inna har ƙwari suka cinye fatar. Sai dai daga lokacin, in yana zaune, za ka ga yatsunsa suna ta motsi a kan gwiwarsa kamar mai tsintar shinkafa.

Shekarar da Inna ta rasu idanun Baba suka yi yana, duka biyun. Muka yi ta faɗi tashi har Allah ya sa ya zo wurinmu nan ƙasar waje don a yi masa aiki. Ran da zai taso Yaya ya kira ni, ya ce, "Amana ce na ba ki. Alhaji na ba ki, Alhaji za ki dawo mini da shi." Aka yi aikin idon dama, ya yi kyau. Na hagu kuwa likita ya ce sai an saukar da sugansa tukuna, abin zai ɗauki watanni, kuma in aka bar idon haka jijiyar za ta mutu, ba za ta dawo ba. Watannin nan su suka zame mana aiki. Ni ina asibiti, babanku yana gidan rediyo, ku kuna makaranta, shi kuma yana falo shi da talabijin da ba ya jin abin da take faɗa. Tuwon da na tuƙa masa da safe in dawo in tarar da shi a rufe yadda na bar shi.

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ki sama mini jirgi. Ido ɗaya ya ishe ni ganin hanyar masallaci."

"Haba Baba! Likita fa ya ce in ka tafi, na hagun ya tafi ke nan."

"To me zan gani da shi a nan? Bango? Garin da maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci, kare kaɗai ake fita da shi shan iska."

Na shiga kicin na sha kukana. Babanku ya lallaɓa shi da ƙyar ya yarda ya kai ƙarshen wata, amma a ranar ya haɗa kayansa ya jingine jakar a bakin ƙofa. Kullum in zan fita aiki sai na kauce mata.

Bayan gidanmu akwai Mista Roy, kun san shi, dogon nan mai jan gemu, wanda ya yi ritaya daga koyarwa. Kowace Asabar da rana abokansa sukan taru a bayan gidansa da kayan kiɗa, su yi wani irin kiɗansu da suke kira bulugiras. Ni dai a wurina hayaniya ce da take hana ni barcin rana, har na taɓa cewa babanku ya je ya yi masa magana. Wata Asabar na nemi Baba a falo ban gan shi ba. Na ce ko ya fita ne ya ɓata. Can na hango shi a bayan gida, ya fita alwala da butarsa don bai taɓa yarda da alwalar banɗaki ba, ya dafa katangar katako ya tsaya. Butar ta karkace a hannunsa, ruwa yana zuba a kan ƙafarsa bai ma sani ba.

"Uwata, wa ya kawo gurmi garin nan?"

Banjo yake ji. Shi ma fata ce a fuskarsa kamar ganga, da dogon wuya, sai dai tsirkiyarsa biyar. Mista Roy ya hango mu ya yafito mu da hannu. Ni na so in ba da uzuri, amma kafin in buɗe baki Baba ya ajiye buta ya nufi ƙofar katangar, dole na bi shi da gyalena a hannu.

A zagaye suke zama. Akwai masu jita, akwai mai wata ƙatuwa da ta kai tsayin mutum ana kaɗa ta a tsaye, akwai wata tsohuwa Misis Jun mai goge, 'yar firit da ita. Yadda suke yi, mutum ɗaya zai ɗauko kiɗa, a bi shi tare, sannan a riƙa ba kowa fili bi da bi ya yi nasa salon. Wanda ya gama sai ya kalli na hagunsa ya gyaɗa masa kai, sauran kuma su sassauta hannu su riƙe masa ƙasa. Baba yana zaune yana ta jinjina kai.

"Waɗannan sun san girman juna," in ji shi. "Kin ga yadda suka yi ƙasa da hannu don tsohuwar nan ta yi magana?"

Bai rufe baki ba sai Mista Roy ya ɗaga ƙafarsa sama, da ƙaton takalminsa, tafin yana kallon Misis Jun sosai, kiɗa ya tsaya cak, kowa yana dariya. Fuskar Baba ta sauya.

"Subhanallahi! Ya nuna wa tsohuwa tafin takalmi, ita kuma tana washe baki?"

Na ce wataƙila jijiya ce ta riƙe shi. Wallahi ni ma ban sani ba, shekaruna a unguwar ban taɓa zama na kalle su ba.

Mista Roy ya lura da yatsun Baba a kan gwiwa. Ya shiga gida ya fito da wani tsohon banjo, ya ce na kakansa ne, ya miƙo masa da hannu biyu. Baba bai miƙa nasa hannun ba. Ya juyo da kyakkyawan idon ya kalle ni.

"Uwata, in karɓa? Kin dai san yayanki."

Na san shi kuwa. Na san in labarin ya kai Kazaure ba Baba zai tuhuma ba, ni zai tuhuma, kuma Yaya ba mai saurin hucewa ba ne. Amma jakar nan tana bakin ƙofa, kuma tun zuwansa ban ga ya nemi wani abu ba sai jirgi.

"Karɓa, Baba. Yaya ka bar ni da shi."

Da muka koma gida na shiga ɗora girki, ina fitowa na tarar ya kwance tsirkiya uku ya bar biyu. Na ɗora hannu a ka.

"Baba, kayan kakan mutane!"

"Sun yi yawa, suna hana juna magana. Ga su nan na naɗe masa, ban tsinka ko ɗaya ba."

Na je ban haƙuri ina ta kame-kame, Mista Roy ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce a bar dattijo ya yi yadda ya ga dama. A makon nan Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, na ji daɗin da ban san inda zan sa kaina ba. Amma da na taɓa jakar zan mayar da ita ɗaki sai ya ce in bar ta. Wai kiɗa ɗaya zai yi wa mutanen na sallama, don kada ya tafi da nauyinsu, daga nan sai jirgi.

Asabar ta zagayo, kuna Islamiyya a Lanham. Babanku ya ɗauko rikodarsa. Kun san shi, aikinsa a rediyo yanke magana, mutumin da ko gaisuwar suruki ce ta yi tsawo za ka ga yatsansa yana neman inda zai datse. Ya ce zai ɗauka ya gyara shi ɗan gajere, Baba ya tafi da shi tsaraba. Aka zaunar da Baba, Misis Jun tana hagunsa. Mista Roy ya ce yau baƙo ne zai ɗauko kiɗa.

Baba ya yi bisimilla ya taɓa tsirkiya. Kai! Nan take na gane shi. Taken 'yan kokawa ne, wanda nake ji ina ƙarama in ana shirin fita dandali. Da fari shi kaɗai yake yi, su sun karkata kai suna saurare. Mai ƙatuwar nan ya fara lalubo ƙasan, ya samu. Masu jita suka shigo. Mista Roy ya bi ta sama da nasa banjon, kamar yaro yana zagaya babba da gudu. Sau biyu Misis Jun tana ɗaga gogenta za ta shiga, tana jiran Baba ya kalle ta, shi kuwa bai san tana yi ba, sai da ta gaji ta faɗo da kanta. Yana jin gogen ya ce, "Yauwa! A gaishe ki, Mai Goge!" Daga nan ya shiga yi musu kirari ɗaya bayan ɗaya, Mai Jan Gemu, Dogo Mai Rungumar Itace, su ba sa jin ko kalma amma kowa ya gane lokacin da aka zo kansa, sai ya ƙara ƙaimi.

Aka zagayo, aka sake zagayowa, aka kuma. Gumi ya jiƙa rigar Mista Roy. Ya sunkuyo wajena hannunsa bai tsaya ba, ya ce a al'adarsu wanda ya ɗauko kiɗa shi yake sauke shi, kuma da yake hannuwa suna aiki, ƙafa ake ɗagawa kowa ya gani. In gaya wa babana in ya gamsu ya ɗaga ƙafa. Af! Ashe ba jijiya ba ce. Na zagaya na raɗa wa Baba a kunne.

"Ni?" in ji shi, yana ci gaba da kiɗansa. "In zo gidan mutum, in zauna a kujerarsa, in riƙe kayan kakansa, sannan in ɗaga masa ƙafa? Allah ya sauwaƙe. Baƙo ba ya tsayar da kiɗa. Ki ce wa mai gida ya tsayar."

Na koma na faɗa wa mai gida. Ya girgiza gemu ya ce shi ba zai katse dattijo a kiɗan da ya ɗauko ba, ko da yatsunsa za su zube. Na dawo wurin Baba, Baba ya ce in bar kunnensa ya huta. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin mutum biyu masu taurin kai, kowa yana girmama ɗan'uwansa, kiɗa kuma ya ƙi tsayawa. Na duba babanku ko zai kawo ɗauki, na gan shi ya rufe ido yana kaɗa kai.

To, nan ne wurin da nake so ku gane, don shi ya sa har yau ba na iya sauraron waƙar da aka gyara aka datse. Kowa a cikinsu ya zo da abin da ya iya, ya zuba shi a zagayen farko da na biyu. Da aka ƙi tsayawa sai abin da suka iya ya ƙare musu, dole suka fara yin abin da ba su taɓa yi ba. Misis Jun ta daina nata salon, ta koma yi wa Baba amshi, ya faɗa da tsirkiya ta mayar masa da goge, ya tsokane ta ta rama. Mai jita ɗaya ya kuskure, maimakon a wuce sai Baba ya ɗauki kuskuren ya maimaita shi, kowa ya bi, ya zama kiɗa. Can sai Baba ya yi ƙasa da hannu, ƙasa sosai, har kana jin tsuntsaye a kan bishiya. Kowa ya lafa. Ya bar taken kokawa ya shiga wata 'yar waƙa da ban ƙara ji ba tun ina 'yar mitsitsiya, wadda ya yi wa Inna lokacin yana nemanta. Ya kira sunanta sau ɗaya. Tsohuwar nan ba ta san wace ce ake kira ba, amma ta ja gogen a hankali a bayansa, har na ga idonta ya kawo ruwa. Ni kam na riga na jiƙe gyalena.

Bai bar mu a cikin kuka ba. Ya buga tsirkiya da ƙarfi ya ce, "Kai, a tashi!" aka koma da gudu fiye da da. Mutanen layi suka taru a bakin katanga, wata ta goya ɗanta a ƙirji tana rawa, mai kawo wasiƙa ya jingine jakarsa ya tsaya. Guɗar nan da kuke ji a tsakiya kuna ƙyalƙyala dariya kuna cewa wace ce wannan, to uwarku ce. Ni da nake cewa a je a yi wa Mista Roy magana.

La'asar ce ta raba gardamar. Baba ya dubi inuwar katanga ya ga ta miƙe, ya san lokaci ya yi, ga shi mai gida ya ƙi tsayarwa. Sai na ga ya zame takalminsa a hankali, ya karkata jikinsa a kujera, ya juya wa jama'a gefe, ya ɗaga ƙafarsa wajen katanga, inda babu kowa sai butarsa da ya ajiye a gindinta. Kiɗa ya tsaya cak. Sai wuri ya ɓarke da ihu da tafi. Har yau in kuka leƙa bayan gidan Mista Roy ranar Asabar, za ku ga mai sauke kiɗa yana juya ƙafarsa wajen katanga, sababbin zuwa ma haka suke yi ba su san dalili ba.

Babanku ya zauna da abin zai yanke, ya saurara, ya sake saurara, ya ce shi bai ga inda zai sa almakashi ba. Daɗi ya ɗebe shi ya tura wa wani abokinsa, abokin ya tura wa wani, kafin mu farga Yaya Lawal ya ji muryar mahaifinsa a wayar wani mai shayi a Kazaure, ana ta dariyar guɗata. Ya kira ni, ko gaisuwa babu.

"Na ba ki Alhaji, kin mayar mini da shi makaɗin Turawa."

"Yaya, ka tsaya ka ji..."

"Na ji. Duk gari ma sun ji."

Ya kashe wayar. Shekaru ba ya ɗaukar kirana, saƙon Sallah ma sai ta hannun matarsa. Ya yi mini zafi ƙwarai, don shi ya goya ni, shi ya kai ni makarantar koyon jinya. Sai bayan rasuwar Baba, muna zaman makoki, ya ce in zo in raka shi mota. Muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya ce abin nan yana wayata? Na kunna masa. Ya saurara tun daga bisimilla har ƙarshe, sannan ya share fuska da hularsa ya ce, "Ashe bai manta ba." Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, muka koma cikin gida tare.

Shi Yaya ya kai ƙarshen, ku ne ba ku kai ba. Bayan tafin, babanku ya manta bai kashe rikodar ba. Za ku ji ana jan kujeru, Mista Roy yana haki yana dariya, sannan ku ji ƙarar takalmin Baba yana nemansa da ƙafa. Ni a lokacin jakar nan kawai nake tunawa, don ya ce kiɗan sallama ne, ga shi an yi an gama. Za ku ji muryata ina cewa, "Baba, mu je ka yi salla." Sai ku ji tasa, kusa da rikodar sosai.

"Uwata, wai tsohuwar nan tun ɗazu tana jiran in ba ta fili?"

"Sau biyu, Baba. Tana hagunka."

"Innalillahi! Na bar mace da goge a sama, kamar ban san ta kiɗa ba. Yaushe likitan nan ya ce?"

"Sai sugan ya sauka, Baba."

"To ki rage mini tuwon, ki mayar da jakar nan ɗaki. Ba zan zauna cikin mutanen kirki ina ganin rabinsu ba."

Daga nan ne rikodar ta mutu. An yi aikin kafin sanyi ya shigo, kuma Asabar ɗin farko da aka cire masa bandeji, da kansa ya ja kujerarsa ya ajiye ta yadda Misis Jun za ta kasance a hagunsa. Ya gama nasa salon, ya juya, ya kalle ta da idon, ya gyaɗa mata kai.